Shayi da Ti: Yadda Kalmar Sinanci Guda ta Shigo Hausa ta Ƙofa Biyu

1.0 Gabatarwa

Al'adar manazarta kalmomin aro a Hausa ita ce kasa su gida-gida gwargwadon harshen da aka karɓo su daga gare shi: ga na Larabci, ga na Ingilishi, sa'an nan ga 'yan tsirarun da suka zo daga Azbinanci da Barbarci da Yarabanci. A kan wannan turba Greenberg (1947) da Hiskett (1965) suka bi kalmomin Larabci, shi kuma Salim (1981) ya bi na Ingilishi, kuma babu mai musun amfanin ayyukan nasu. Sai dai tsarin yana da wata illa da ba a cika kula da ita ba. Yakan sa mai karatu ya ɗauka cewa harshen da ya miƙo kalma shi ne mai ita, kuma hanyar da kalma ta biyo ita ce hanyar da abin da take nufi ya biyo. Kalmomin *shayi* da *ti* sun isa su nuna cewa ba kullum haka abin yake ba. Ta farko takan faɗa jerin Larabci, ta biyu jerin Ingilishi, alhali kuwa kalma guda ce ta Sinanci wadda ta rabu biyu tun a gida, kowane reshe ya kama gabansa, har suka sake haɗuwa a bakin Bahaushe bayan ɗaruruwan shekaru.

Wannan maƙala za ta bi sawun kalmar Ingilishi *tea*, asalinta da ma'anarta da yadda ake amfani da ita, sa'an nan ta dubi abin da ya same ta da ta iso Arewa ta tarar 'yar'uwarta ta riga ta shimfiɗa tabarma. An ɗauki misalan amfani daga Hausar garin Potiskum ta Jihar Yobe, saboda dalilin da zai zo a gaba.

2.0 Tushen kalmar a ƙasar Sin

Rubutun Sinanci ba ya bin sauti kai tsaye kamar boko ko ajami. Alama guda takan tsaya a madadin kalma, kowane yanki ya karanta ta da nasa lafazin. Alamar da ke nufin ganyen shayi ta zauna da siffar da aka san ta da ita a zamanin daular Tang, lokacin da Lu Yu ya rubuta shahararren littafinsa a kan shayi wajen shekarar 760. Mutanen arewa da na Kanton suna karanta ta *cha*, wato abin da Bahaushe zai rubuta *ca*. Mutanen gaɓar lardin Fujiyan, masu karin harshen Min, musamman na tashar jiragen ruwan Amoy wadda ake kira Shiyamen, suna cewa *te*. Masana tarihin Sinanci sun mayar da lafuzzan biyu ga tsohuwar siga guda mai farawa da sauti mai kama da /d/. Karin Min ya riƙe shi a matsayin tsayau, sauran suka mayar da shi atishawa. Mai nazarin Hausa ba zai yi mamakin irin wannan sauyi ba, tun da ya san *mota* da *motoci*, ko da yake sharuɗɗan sauyin ba ɗaya ba ne.

Reshen *cha* shi ya fara fita, ta hanyoyin fataucin tsakiyar Asiya. A Farisanci ya zama *chay*, kuma ana saɓani a kan wannan /y/ ta ƙarshe: wasu na ganin ɗafi ne na Farisanci, wasu na ganin guntun kalmar Sinanci ce mai nufin ganye. Daga Farisanci siffar ta watsu zuwa Rashanci da Turkanci da Urdu da Indiyanci, har Suwahili. Larabci, da yake daidaitaccensa ba shi da sautin /c/, sai ya mayar da ita *shay*.

3.0 Kalmar *tea* a Ingilishi

Abin da ba a cika sani ba shi ne reshen *cha* ya riga reshen *te* shiga Ingilishi. A fassarar Ingilishi ta labarin tafiye-tafiyen Linschoten, mutumin Holan, wadda ta fito cikin 1598, an rubuta sunan abin shan *chaa*. Turawan Fotugal, waɗanda suka kafa sansani a Makau cikin 1557, da siffar *cha* suka saba, kuma ita ce ta zauna a harshensu. Da a ce su suka riƙe cinikin ganyen, da wataƙila Ingilishi bai san *tea* ba.

Amma cinikin ya faɗa hannun kamfanin Holan na Gabashin Indiya, wanda aka kafa cikin 1602, kuma shi ya fara kai ganyen Turai a farkon ƙarni na 17. Mutanen Holan suna sayen kayansu ne daga fataken Fujiyan da ke zuwa tsibirin Jawa, daga baya kuma a Taiwan inda suka zauna daga 1624 zuwa 1662. Abin da suka ji a bakin waɗannan fatake shi ne *te*, suka rubuta shi *thee*. Daga gare su Faransanci ya sami *thé*, Jamusanci ya sami *Tee*, Ingilishi kuma ya sami tasa siffar a shekarun 1650. Wata talla da aka buga a jaridar *Mercurius Politicus* ta Landan cikin 1658 ta jero sunayen duka biyu, ta ce wannan na Sinawa ne, wancan na sauran al'ummu, abin da ke nuna har lokacin kalmar ba ta gama zama ba. Cikin 1660 Samuel Pepys ya rubuta a kundin tarihin rayuwarsa cewa ya sha shi karo na farko, har sai da ya ƙara bayanin cewa abin sha ne na ƙasar Sin. Auren Sarki Charles II da gimbiyar Fotugal, Catherine, cikin 1662 ya ƙara wa shayin daraja a fada.

Akwai batun lafazi, wanda ya fi shafar masanin harshe. Da farko Turawan Ingila suna furta kalmar da wasali mai kama da /e/, kusa ƙwarai da yadda mutumin Amoy ke faɗa. Mawaƙi Alexander Pope, a farkon ƙarni na 18, ya yi mata amsa-amo da kalmar *obey*. Sai a cikin ƙarnin nan ne wasalin ya ɗaga zuwa /i/ mai tsawo, tare da na sauran kalmomin da ake rubutawa da *ea* irin su *sea* da *meat*. Tsohon lafazin ya saura a wasu kare-karen harshen Ayalan. Ke nan Basine mai koyon Ingilishi yana haddace *tea* a matsayin baƙuwar kalma, don ba ta yi kama da *cha* ɗin da ya sani ba, kuma ko mutumin Fujiyan sai an tuna masa tsohon lafazin kafin ya gane kayansa. Siffar *ti* ta Hausa wannan sabon lafazi ta ɗauka, shaidar cewa aron na baya-bayan nan ne.

Ta fuskar ma'ana kuwa, kalmar ta yaɗu a Ingilishi fiye da yadda take a gida. Daga sunan ganye ta zama sunan ruwan da aka dafa shi, ta zama sunan kowane ganye ko saiwa da aka jiƙa a tafasasshen ruwa, sa'an nan a ƙarni na 19 ta zama sunan ɗan abincin la'asar. A arewacin Ingila ma'aikata sukan kira abincin darensu *tea* ko da babu shayi a wurin. Reshen *cha* ma bai haƙura ba: ya sake shiga a matsayin *char* a bakin sojoji da talakawa, sa'an nan *chai*, shayin Indiya mai madara da kayan yaji.

4.0 Ƙofar hamada

Larabawa sun daɗe da jin labarin shayi. Wani littafin labaran Sin da Indiya da aka rubuta cikin 851 ya ambaci ganyen da Sinawa ke zuba wa ruwan zafi su sha, haka nan al-Biruni ya kawo shi a littafinsa na magunguna a ƙarni na 11. Amma jin labari daban, sha daban. Shan shayi bai zama ruwan dare a Afirka ta Arewa ba sai a ƙarni na 19, kuma wannan yana da muhimmanci ga tarihin kalmar a Hausa.

Greenberg ya raba kalmomin aron Larabci gida biyu: tsofaffi waɗanda suka shigo ta bakin fatake daga Larabcin magana, da na baya waɗanda malamai suka ɗebo daga littattafai. *Shayi* ba ta zauna daram a ko ɗaya ba. Ba kalmar littafi ba ce, domin almajiri ba zai gamu da ita a Alƙur'ani ko a *Risala* ko a *Ishiriniya* ba. Kalmar kasuwa ce, amma ta zo a makare. Mafi ƙarfin zato shi ne ta biyo ayarin Turabulus, wanda ke ratsa Gadamas da Gat da Azbin da Damagaram ya sauka Kano, ko kuwa ɗan'uwansa mai bi ta Murzuk da Bilma zuwa Kukawa kafin Rabe ya rushe birnin cikin 1893. A ƙarshen ƙarni na 19 shayi da sukari suna cikin kayan da waɗannan ayarori ke kawowa tare da yadi da takarda. A Larabcin Libiya ana cewa *shahi*, kuma daga wannan zuwa *shayi* taki ɗaya ne. Ko da siffar *shay* aka ara, sakamakon ba zai bambanta ba, domin tsarin sautin Hausa bai yarda da dogon wasali a rufaffiyar gaɓa ba. Dole a yi ɗayan biyu: ko a gajarta wasalin a sami *shai* kamar *kai* da *rai*, ko a ƙara wasali a ƙarshe a sami gaɓa biyu buɗaɗɗu. Hausa ta zaɓi na biyu. Ba abin mamaki ba ne kuma idan kamar da kalmar ta yi da aikatau *sha* ta taimaka mata wajen samun gindin zama, har wasu ke ɗaukarta Bahaushiya ce gaba da baya.

A nan ne ya kamata a yi hattara da wata ƙa'ida da ta shahara bayan da Dahl (2005) ya zana taswirar sunayen shayi a harsuna 230, wai duk inda aka ji *cha* ta ƙasa ganyen ya zo, inda aka ji *te* ta teku ya zo. Yankin Sahara ya karya ƙa'idar ta fuska biyu. Ganyen da ayari ke ɗaukowa daga Turabulus jiragen ruwan Turawa ne suka sauke shi a can, sunan kawai ne na ƙasa. A yamma kuma, Turawan Ingila sun cika tashoshin Maroko da koren shayi, musamman bayan yarjejeniyar ciniki ta 1856, mutanen ƙasar suka kira shi *atay*, wato reshen *te* da ɗafin Berber a goshi. Wannan kalma ta teku ita ce ta hau raƙumi ta ratsa hamada, ta zama *atay* a bakin Larabawan Muritaniya, *ataaya* a Wolof.

5.0 Ƙofar teku

Turawan Ingila sun ci Barno cikin 1902, Kano da Sakkwato cikin 1903. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, a shekarar da Italiya ta faɗa wa Turabulus, kuma abubuwan nan biyu suka ƙarasa fataucin hamada. Daga nan ganyen ya koma shigowa ta Ikko, ana sayar da shi a kantunan kamfanoni irin su John Holt da U.A.C. Wanda Turawan suka kawo baƙin shayi ne na Indiya da Silon, domin tun bayan da aka yi gwanjon shayin Asam na farko a Landan cikin 1839, aka kuma fara gonakin Silon cikin 1867, Ingila ta yi ta janye jiki daga dogara da ƙasar Sin. Thomas Lipton ya sayi gonakinsa a Silon cikin 1890. Tare da ganyen aka kawo yadda ake shansa: a babban kofi, da madara, da burodi, da safe.

Kalmar *ti* ta shigo ne ta bakin waɗanda suka yi hulɗa da Bature kai tsaye, wato kuku da boyi da soja da ɗan makarantar kwana da ma'aikacin asibiti. Ta ɗauki faɗaɗɗen karin sauti, kamar sauran kalmomin Ingilishi masu gaɓa ɗaya irin su *bas* da *fam*. Amma ba ta narke cikin nahawun Hausa ba. Ana cewa *shayina* da *shayin safe* da *shayin nan* ba tare da wata tangarɗa ba, ita kuwa *ti* sai an tallafe ta da *ɗin*, a ce *ti ɗina*, *ti ɗin nan*, kamar yadda ake yi wa kalmomin da har yanzu kunne ke ji a matsayin baƙi.

6.0 Teburin mai shayi a Potiskum

Potiskum ba ƙasar Hausa ba ce ta asali. Gari ne na Ngizim da Karekare da Bolewa, ga Ngamo a kudu, ga Fulani da Barebari, kuma cikin 1924 ne aka mayar da fadar Fika can. Schuh, wanda ya yi aiki a kan Ngizim a garin tun 1969, ya nuna cewa Barbarci ne babban harshen da harsunan yankin suka yi ta aro daga gare shi a da, kafin Hausa ta karɓe wannan matsayi a ƙarni na 20. Abin da ya kawo Hausa shi ne hanya da kasuwa. Layin dogon Barno, wanda aka kammala cikin 1964, ya bi ta Gombe da Buni Yadi ya bar Potiskum, sai garin ya zama na manyan motoci. A nan hanyoyin Kano da Bauci da Gombe da Gashuwa da Maiduguri suka haɗu, ga kuma kasuwar shanu wadda ke cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Duk inda direba da yaron mota da ɗan kamasho suke kwana, nan mai shayi yake kafa tebur. Saboda haka Hausar garin Hausar cuɗanya ce, kuma kalmar da ta yi rinjaye a irin wannan wuri ta yi rinjaye ne don kowa ya gane ta, ba don gado ba.

Idan aka dubi teburin da idon mai nazarin kalmomi, za a ga abin mamaki. *Tebur* da *benci* da *kofi* da *burodi* da *bota* duk daga Ingilishi suke. *Cokali* daga Azbinanci. *Ƙwai* da *rariya* na gida ne. Ganyen baƙi ne irin na Ingila, sau da yawa ma da sunan kamfani ake kiransa, a ce Lipton ko da na Mambila ne. Haɗin ma na Ingila ne. Amma sunan abin shan, da sunan mai sana'ar, na ƙofar hamada ne. Ba a cewa *mai ti*. Wato tsohon suna ne aka ɗora wa sabon abu, har ya kai ga asalin abin da sunan ya zo da shi, koren ganye mai ɗaci da ake dafawa a 'yar buta kan gawayi a sha a ƙananan kofunan gilashi, sai an yi masa ƙarin bayani a ce *shayin Buzaye*. A Damagaram da Maraɗi, inda matasa ke zaman fada suna dafa shi zagaye uku, shi ne *shayi* ba tare da wani ƙari ba.

Sa'an nan ma'anar kanta ta bi ta Ingilishin Nijeriya. A wannan Ingilishi *tea* tana nufin kowane abin sha mai zafi na safe, ko Bournvita ko Milo. Haka *shayi* ta zama a tasha: mutum zai ce a haɗa masa shayi *mai kauri*, a zuba madara da Bournvita da sukari a ruwan zafi, ganye ko ɗaya bai shiga ba, kuma babu mai cewa an yi kuskure. Wanda ke son ganyen zalla sai ya nemi *ruwan bunu*. *Kayan shayi* kuwa, waɗanda ake kai wa majiyyaci ko mai jego, gwangwanayen madara ne da sukari da makamantansu. Wannan aron ma'ana ne, irin wanda jerin kalmomin aro ba ya iya kamawa, domin siffar kalmar ba ta motsa ba. Ma'anar abincin la'asar, wadda ta yi ƙarfi a Ingila, ba ta ƙetaro ba ko kaɗan.

Ba shayi kaɗai ke da irin wannan tagwaye a kan teburin ba. *Sukari* ta zo daga Larabci, *suga* daga Ingilishi, kuma dukansu daga tsohon harshen Indiya suka taso ta Farisanci. *Gahawa* daga Larabci take, kuma /g/ ɗinta a maimakon /ƙ/ ta nuna daga bakin mutane aka ɗauke ta, ba daga littafi ba. *Kofi* na sha kuwa ita ce dai wannan kalma ta Larabci bayan ta zaga ta Turkanci da harshen Holan da Ingilishi. Sai dai kowace gasa da yadda ta ƙare. *Suga* ta yi ƙarfi a magana har ana cewa *ciwon suga*, *sukari* ta fi riƙe rubutu da rediyo. *Gahawa* ta ja baya ta koma sunan haɗin Larabawa da na mahajjata. A wajen shayi ne kawai tsohuwar kalma ta yi rinjaye sarai, kuma babban dalili shi ne ta sami sana'a. Da zarar *mai shayi* ya zama sunan mutum da wurin zama, har ana kiran jita-jita *labarin teburin mai shayi*, tumɓuke kalmar ya zama da wuya.

Duk da haka *ti* ba ta mutu ba. Tana nan a gidajen 'yan boko da makarantun kwana da asibitoci, kuma marubuta labaran soyayya na zamani suna yawan sa ta a bakin taurarinsu, sau da yawa ma da rubutun Ingilishi, don nuna wayewa. Akwai kuma wani abu da ke ba ta ɗan wurin fakewa: a rubutun Hausa *shayi* na sha da *shayi* mai nufin kaciya ba su da bambanci, ko da yake ba su haɗa asali ba. *Mai shayi* daban, *ɗan shayi* daban, kuma masu barkwanci ba su bar wannan dama ta wuce su ba.

Motocin da ke ɗaukar shanu daga Potiskum da sauran kasuwannin Arewa zuwa Kudu, hanyarsu masu shayi suka bi suka kafa tebur a Ikko da Ibadan da Fatakwal. A can sunan sana'ar ya shiga Ingilishin Nijeriya da Burokan, ana rubuta shi *mai shai* ko *meshai*, kuma ma'anarsa ta faɗaɗa ta haɗa da mai soya ƙwai da Indomie da dare. Mutumin Ikko yakan ce zai je wurin *meshai* ya sha *tea*.